Wa ke rage bakteriyar bakin teku, bairos ko 'yan haɗiya?

Ɗalibar Teku:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya na ga wani abu da har yanzu bai bar idona ba, shi ya sa na ce bari in kawo shi nan. Da asuba muka ɗebo ruwa a bakin teku nan Legas, kafin rana ta yi zafi. In ka ɗaga kwalbar ba ka ganin komai a ciki. Da daddare na tace ɗan kaɗan daga ruwan, bai ma kai mililita ɗaya ba, ta wani ɗan faifan tacewa mai ƙofofi ƙanana ƙwarai. Na ɗiga masa koren rini mai kama sinadarin gado na halitta, na kashe fitilar ɗaki, na sa ido a madubin ƙara girma. Wallahi kamar na kwanta a tsakar gidanmu na ƙauye a daren da babu farin wata. Manyan ɗigo masu haske, su ne bakteriya. A tsakaninsu kuwa ƙananan ɗige-ɗige ne kamar an watsa garin gero a baƙin zane, ko'ina, ba iyaka. Waɗannan su ne bairos.

A ruwan saman teku, mililita ɗaya kan ɗauki bakteriya wajen miliyan 1, bairos kuma wajen miliyan 10. Ƙaramin cokalin shayi mililita 5 ne, kun ga bairos miliyan 50 ke nan a cokali guda. To ga abin da nake so mu tattauna. Bakteriyar bakin teku takan iya rabuwa gida biyu a cikin kamar kwana ɗaya. Da za a bar ta tana ninkuwa kullum har kwana 30, da guda ɗaya ta haura biliyan, da teku ya koma kunu. Amma in ka ƙirga yau, ka dawo bayan wata, adadin yana nan kusa da inda ka bar shi. Wa ke kwashe rarar?

Malam Bayoloji:
Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ƙara basira. Ni shekara da shekaru ina koyar da yara a sakandare, kuma amsar da zan ba ɗalibina ita ce yunwa. Duk halittar da abincinta ya ƙare dole ta daina hayayyafa. Mun sha gani a faranti a ɗakin gwaji: su yi ta yawa, abinci ya ƙare, su tsaya. Ban ga dalilin neman wani makashi ba.

Ɗalibar Teku:
Malam, abincin yana da tasiri sosai, ban musa ba. Amma faranti rufaffe ne, teku kuwa kullum ana zuba masa sabon abinci. Ƙananan tsirran da ke yawo a ruwa suna zubar da wani kaso na sukarin da suke haɗawa da hasken rana, koguna na kawo nasu, ga dattin gari. Kuma in aka auna, sai a tarar bakteriyar suna ta rabuwa, ba a tsaye suke ba. Gidan da ake haihuwa kullum amma yawan mutanen gidan bai ƙaru ba, ai ka san akwai ƙofar da ake fita.

Dakta Ruwa:
Malam da ɗalibarmu, kowannenku ya riƙe gefe guda na igiyar. Abinci shi ke yanke saurin da za su hayayyafa, masu kashe su kuma su ke tsare adadin. Bari in ɗan koma baya, don abin bai daɗe da fitowa fili ba.

Kafin shekarun 1970 ana ƙirga bakteriyar teku ne ta hanyar shuka su a faranti, alhali mafi yawansu ba sa tsira a faranti, sai aka ɗauka ba su da yawa. A 1977 John Hobbie da abokan aikinsa suka fito da hanyar rina su a ƙirga su kai tsaye, sai ga adadin ya ninka na da sau ɗaruruwa. A 1983 Farooq Azam da Tom Fenchel da wasu mutum huɗu suka bayyana cewa akwai wata hanyar abinci da aka tsallake: bakteriya na tsotse abincin da ya narke a ruwa, wasu halittu masu ƙwayar rai ɗaya na haɗiye bakteriyar, manyansu na haɗiye su, har abin ya kai ga kifi. Waɗannan ni nake kira 'yan haɗiya. Mafi muhimmanci a cikinsu su ne masu bulala, girman yawancinsu maikuromita 2 zuwa 5 ne, wato milimita ɗaya ka raba ta gida dubu ka ɗauki biyu zuwa biyar. Suna kaɗa wata 'yar bulala siririya, ruwa ya taho da bakteriya bakinsu. Mililita ɗaya kan ɗauki wajen dubu ɗaya daga cikinsu. Sama da su akwai masu gashi a jiki, su kuma suna cin masu bulalar.

Shekara shida ana ganin an gama gano makashin. Sai a 1989 wasu masana na Jami'ar Bagen a ƙasar Nowe, cikinsu har da Gunnar Bratbak da Mikal Heldal, suka tattara abin da ke cikin ruwa suka duba da madubin lantarki, suka ga bairos miliyoyi a mililita. Daga nan muhawarar wa ya fi kisa, bairos ko 'yan haɗiya, ta fara.

Ɗan Damagaram:
Ranka ya daɗe Dakta, ni aikin magani na karanta, kuma akwai inda maganar ba ta zauna mini ba. Ganin bairos da yawa ba ya nufin suna kisa. Bairos a waje da ƙwayar halitta ba shi da wani motsi, kuma hasken rana na lalata shi. Wataƙila abin da ƙanwarmu ta gani jiya, akasarinsa gawa ce kawai tana yawo. Ɗan haɗiya kuwa ana ganinsa da ido a madubi yana haɗiye abu. Gani ya kori ji.

Ɗalibar Teku:
Yaya, hujjar da ka kawo ita ce ma ta fi ƙarfafa ɗaya ɓangaren. Gaskiya ne rana na lalata su, wasu kuma suna manne wa ƙura su nutse. To in suna lalacewa cikin kwana ɗaya ko biyu, amma kullum ka ƙirga ka tarar da miliyoyin nan, daga ina sababbin ke zuwa? Bairos ba ya haihuwa da kansa. Sai ya shiga cikin bakteriya, ya juya ta ta riƙa ƙera masa 'ya'ya, sannan ta fashe su fito. Duk sabon bairos da ka gani, akwai wadda ta mutu kafin ya fito.

Mu yi lissafi na misali. A ce rabin miliyan 10 ɗin nan sun lalace yau, ana bukatar sababbi miliyan 5. A ce kowace bakteriya in ta fashe tana sakin 25, don a teku abin yakan kama 'yan gomomi ne. Raba miliyan 5 gida 25, ka samu 200,000. Wato kashi 20 cikin 100 na bakteriyar da ke mililitar sun mutu a yini guda. Kuma wannan ya yi daidai da ƙiyasin Curtis Suttle na Kanada, wanda ya ce bairos na kashe wajen kashi ɗaya cikin biyar na ƙananan halittun teku kowace rana.

Maganar gani da ido ma an yi ta. A 1990 Lita Proctor da Jed Fuhrman sun yanka bakteriyar teku siriri-siriri suka duba da madubin lantarki, suka ga cikin wasu cike da 'ya'yan bairos da suka gama ƙeruwa, suna jiran fashewa.

Ɗan Damagaram:
Na karɓi lissafin. Amma har yanzu ba a ce mini wa ya fi kisa ba.

Dakta Ruwa:
An gwada su kafaɗa da kafaɗa. A 1995 Fuhrman da Rachel Noble sun ɗebi ruwan bakin teku a Santa Monika, jihar Kalifoniya ta Amurka, suka auna kisan ɓangarorin biyu a ruwa guda, suka tarar sun yi kusan kunnen doki. Amma kada a ɗauki wannan a matsayin doka ta ko'ina. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. A ruwan da iskar shaƙa ta ƙare, irin ƙasan wasu tafkuna da lungunan teku da datti ya cika, yawancin 'yan haɗiya ba sa iya zama, sai kisan ya koma hannun bairos. Inda abinci ya yi yawa bakteriya suka cunkushe, bairos ya fi saurin cin karo da wadda zai kama. Can tsakiyar teku kuwa, inda komai ya yi ƙaranci, sau da yawa 'yan haɗiya ne ke gaba.

Baba Mai Tarwaɗa:
Salamu alaikum. Ni ban yi boko mai zurfi ba, kiwon kifi nake yi, amma ina bin ku tun ɗazu. Tambayata ɗaya ce. Tunda dai bakteriyar mutuwa za ta yi, mene ne ruwanmu da wanda ya kashe ta? Ko kura ta ci akuya ko cuta ta kashe ta, mai akuya dai ya yi asara.

Ɗalibar Teku:
Baba, Allah ya ƙara girma. Tambayarka ita ce ainihin abin da ya sa nake wannan karatun, kuma misalinka ma ya isa amsa. In kura ta ci akuya, naman ya shiga jikin kura, ya hau sama. In cuta ta kashe ta a daji, sai ta ruɓe ta koma ƙasa, ciyawa ta amfana, kura ba ta samu komai ba.

Haka yake a ruwa. In mai bulala ya haɗiye bakteriya, mai gashi ya haɗiye shi, sai wasu 'yan mitsi-mitsin dangin jatan lande da ake kira kofifod su ci mai gashin, 'ya'yan kifi su ci kofifod. A kowane mataki ana asarar kaso mai yawa, amma dai wani abu yana isa ga kifi. In kuwa bairos ne ya fasa ta, abin da ke cikinta zubewa yake yi a ruwa, ya narke, ya yi ƙanƙantar da babu mai iya cinsa sai wasu bakteriyar. Su ci, su ƙona wani kaso su fitar da shi a matsayin iskar kabon, bairos ya sake fasa su, a sake zagayowa. Abincin yana ta kewaya a ƙasan tsani bai hau ba. Steven Wilhelm da Suttle ne suka fayyace wannan karkatarwar a 1999, suka ƙiyasta cewa tana iya kwashe har wajen kashi ɗaya cikin huɗu na kabon ɗin da tsirran teku ke haɗawa. Saboda haka ruwa biyu na iya samun adadin bakteriya iri ɗaya, mutuwa iri ɗaya, amma abin da ke isa ga kifi ya bambanta, gwargwadon wanda ya yi kisan.

Baba Mai Tarwaɗa:
To ashe bairos ɗin ɓarawo ne, yana tare wa kifi abinci.

Dakta Ruwa:
Baba, a nan zan ɗan ja da kai, da ɗalibar tamu ma in ta tsaya a nan. Abin da ke zubewa daga bakteriyar da ta fashe ba kabon ne kaɗai ba. Akwai naitirojin, da fosfaras, da ƙarfe, wato takin da tsirran ruwa ke nema ido rufe. Kai da ke zuba taki a kududdufi don ruwa ya yi kore ka san darajarsa. Bairos na mayar da takin nan cikin ruwan sama inda rana take, tsirrai su ɗauka su yi girma, kuma su ne tushen abincin kifi.

Akwai kuma aiki na biyu da ɗan haɗiya ba ya iya yi. Shi ɗan haɗiya girma yake dubawa, duk wadda ta yi daidai da bakinsa ya haɗiye, ya fi ma son manya masu shirin rabuwa. Shi ya sa in suka matsa, sai ka ga wasu bakteriyar sun koma ƙanana ƙwarai, wasu sun miƙe kamar zare, wasu sun dunƙule wuri guda yadda ba za su haɗiyu ba. Bairos kuwa kamar makulli ne da kwaɗonsa, kowane iri da irin bakteriyar da yake iya buɗewa. Duk irin da ya fi sauran iya cin abinci ya fara mamaye ruwa, to ya sauƙaƙa wa bairos ɗinsa samunsa, sai annoba ta faɗa masa, a samar wa raunana wuri. Frede Thingstad na Bagen ya kira wannan kashe mai rinjaye. Manomin da ya shuka iri ɗaya tak a gona mai faɗi ya san yadda ƙwaro ke yi masa. Ɗan haɗiya na tsare yawan jimillar, bairos na hana iri guda cinye kasuwa.

Ɗan Nima:
Gaisuwa daga Akara. Maganar nan ta taɓa ni don a nan muna ganin abin da idonmu. Daga wajen watan Yuli zuwa Satumba ruwan teku kan yi sanyi, na ƙasa ya taso sama da takinsa, lokacin ne masunta na Jamestown da Chorkor ke cika kwale-kwale da ƙananan kifin nan da ake bandawa, har a kai arewa. Dakta, in ruwa ya yi kore haka, shi ma bairos na kashe tsirran ne ko bakteriya kaɗai yake bi?

Dakta Ruwa:
Yana kashe su, kowanne da nasa. Misalin da aka fi sani shi ne wani tsiro mai ƙwayar rai ɗaya, Emiliania huxleyi, mai sulke na alli. In ya yi yawa a tekun Atilantika ta arewa, ruwa kan koma fari-fari kamar an zuba madara, har tauraron ɗan Adam na hango shi. A gwaje-gwajen da aka yi cikin manyan jakunkunan ruwa a gaɓar Nowe an ga yadda bairos ke rusa wannan yawan cikin 'yan kwanaki.

Su kansu 'yan haɗiya ba su tsira ba. Akwai wani mai bulala da Fenchel da David Patterson suka bayyana a 1988 daga ruwan Denmak, suka sa masa suna Cafeteria roenbergensis. Yana da wani ƙaton bairos da ke kama shi, shi kuma ƙaton akwai wani ƙaramin bairos da ke rayuwa a kansa yana rage masa ƙarfi. Ko SAR11, bakteriyar da ta fi kowace yawa a teku, an daɗe ana zaton ƙanƙantarta ta kuɓutar da ita, sai a 2013 aka gano bairos ɗinta, kuma suna cikin mafiya yawa a teku.

Anti Nas:
Ku yi haƙuri in shigo da abin da ya dame ni. Ni a asibitin karkara nake aiki, kuma duk damina muna fama da amai da gudawa. A 2021 ba na manta yadda muka riƙa shimfiɗa wa mutane tabarma a baranda, ruwan ƙarin ya ƙare, muna haɗa gishiri da sukari a bokiti. Na taɓa jin cewa ƙwayar kwalara asalinta ta ruwan bakin teku ce. Shin wannan bairos ɗin yana cinta?

Ɗalibar Teku:
Anti, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka. E, Vibrio cholerae 'yar ruwan gaɓa ce da bakin koguna, inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri. Rita Colwell ta nuna cewa tana manne wa jikin kofifod ɗin nan da na ambata. Kuma tana da bairos masu fasa ta. A 2005 Shah Faruque da abokan aikinsa a Daka, babban birnin Bangaladash, sun nuna cewa in annoba ta yi ƙamari, bairos masu cin kwalara kan yawaita a ruwa da kuma cikin bayan gidan marasa lafiya, daga nan sai annobar ta fara ja da baya. Kashe mai rinjaye ke nan, a kan cutar da kika sani.

Amma akwai ɗaya fuskar, mai ɗaci. Ba kowane bairos ke fasa bakteriya nan take ba. Wani yakan shiga ya saƙa gadonsa cikin nata ya zauna. A 1996 Matthew Waldor da John Mekalanos suka gano cewa umarnin haɗa gubar da ke sa gudawar kwalara, wani bairos ne irin wannan ya kawo mata shi. In Vibrio ba ta ɗauke da shi, to ba ta iya haddasa irin annobar da kika gani a baranda.

Anti Nas:
Inna lillahi. To ni abin da nake tsoro, kada wani ya karanta wannan ya ce ai akwai abin da ke tsabtace ruwa da kansa. Kafin bairos ya rage annoba, mun riga mun binne mutane. Ruwan rijiya da na rafi a tafasa shi ko a sa masa sinadarin kulorin, a wanke hannu, wanda ya fara gudawa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida kafin a iso mana.

Dakta Ruwa:
Maganarki dutse, Anti. Sai dai ilimin bai tafi a banza ba. Da aka san ƙwayar na manne da kofifod, Colwell da abokan aikinta suka koya wa mata a ƙauyukan Matlab na Bangaladash su ninka tsohon zanensu aƙalla sau huɗu su tace ruwa da shi. Zanen ba ya tare bakteriya ita kaɗai, amma yana tare abin da take manne da shi. Sakamakon da aka fitar a 2003 ya nuna kwalara ta ragu da kusan rabi a ƙauyukan da suka yi haka. Ba ya maye gurbin tafasawa, amma ranar da babu itace ya fi a sha haka nan.

Malam Bayoloji:
Na janye rabin maganata ta farko, rabin kuma ina nan a kai, tunda Dakta ya ce abinci ke yanke sauri. 'Yata, abu ɗaya ya rage mini, don in na shiga aji yara za su tambaya. Ta yaya kike raba kisan wannan da na wancan a kwalba guda, alhali ba kya ganin lokacin da ake yi?

Ɗalibar Teku:
Da surki, Malam. Michael Landry da Hassett ne suka fito da dabarar a 1982 don auna kiwon 'yan haɗiya, daga baya aka faɗaɗa ta ta haɗa da bairos. Zan ɗauki ruwan teku in surka shi da wani ruwan tekun da na tace, a kwalabe daban-daban, wata surki kaɗan, wata da yawa. Duk inda surki ya yi yawa, mai ci da wanda za a ci ba sa yawan haɗuwa, kamar kasuwar da ta watse, sai bakteriya su fi samun sukunin ƙaruwa. Jeri na farko ina surka shi da ruwan da ya bi ta matacin maikuromita 0.2, wanda ke tare 'yan haɗiya da bakteriya amma bairos ya wuce. A nan 'yan haɗiya kaɗai na rage. Jeri na biyu kuma da ruwan da ya bi ta matacin da ya fi wannan matsewa nesa, wanda ko bairos ba ya wucewa, kun ga na rage su duka biyu. In ajiye kwalaben awa 24 a zafin da ya yi daidai da na teku, in ƙirga a farko in ƙirga a ƙarshe. Tazarar da ke tsakanin jerin biyu ita ce rabon bairos.

A faɗa da baki yana da sauƙi. Watan jiya na yi awa tara ina tace ruwan jeri na biyu, don ɗigo-ɗigo yake fita. Na jera kwalabe goma sha biyu, tsakar dare wuta ta ɗauke, injin bai tashi ba, da safe na tarar kwalaben sun yi ɗumi kamar ruwan wanka. Zafi na canza saurin komai a ciki, dole na zubar. Na yi kuka ranar, don ruwan wannan makon ba zai dawo ba.

Ɗan Damagaram:
Allah ya mayar da alheri, ƙanwata. In kin sake yi, ki gwada wuri biyu, bakin da ruwan lagun, wato tafkin Legas mai haɗe da teku, ke fitowa da dattin gari, da kuma can gaba inda ruwa ya fi tsabta. In maganar Dakta ta tabbata, rabon bairos zai fi yawa a na farkon. Ina so in ga lambobin da idona.

Ɗalibar Teku:
Haka muka tsara, Yaya. Ranar Alhamis in sha Allah za mu fita da kwale-kwale kafin ketowar alfijir, wuri biyu, jarka huɗu. Wannan karon na samo babbar kula da ƙanƙara da ma'aunin zafi, kuma a ɗakin gwajin zan kwana kusa da kwalaben. Malam, in na ɗauki hoton abin da ke cikin madubin zan turo maka ka nuna wa yaran.